Jiri Ne, In Ji Laraba

Laraba na durƙushe a tsakar ɗakin Barakatu, tana kiciniyar zare mata jiƙaƙƙen zani, sai ga sallamar Malam Halliru daga zaure.

Ta dubi Barakatu, Barakatu ta dube ta. Bakin Barakatu ya karkace ya koma gefe guda, yawu na bin haɓa, hannun dama na yashe a kan ledar ɗaki kamar ba nata ba. Amma kunnen na nan garau. Tana jin muryar surukinta sai hannun hagu ya zabura, ya lalubo mayafi ya ja shi kan fuska, sannan ya sauko ya damƙe wuyan hannun Laraba. Laraba ba ta taɓa sanin akwai irin wannan ƙarfi a jikin matar ba.

"A'a," in ji Barakatu daga ƙarƙashin mayafi. "A'a, a'a."

Tun da Laraba ta shigo, kalmar da ke fita daga bakinta ke nan, babu wata.

Katanga ɗaya ce ta raba gidajensu, a lungun da ke gangarawa bakin kogin Wudil, kuma tun suna amare suke jin tarin juna. Mazajensu sun riga su gidan gaskiya, 'ya'ya sun watse, aka bar tsofaffi biyu suna miƙa wa juna gishiri da tsegumi ta kan katanga. Yau bayan asuba Laraba ta ji ƙarar faɗuwar buta. Ta kasa kunne ta ji shara, don Barakatu ko ranar Salla sai ta share tsakar gidan nan kafin rana ta fito. Shiru. Ta kira, shiru. Da ta zagayo sai ta tarar da ita a ƙasa kusa da gado, fitsari ya kufce mata.

Malam Halliru kuwa mijin Sakina ne, autar Barakatu, malami a jami'ar garin. Unguwa kaf an san aikinsa, ana biyansa albashi yana kiwon ɓeraye. Sakina ce ta taɓa yi wa mata bayani a gidan suna, wai yakan ɗaure wa ɓera jijiyar wuya da zare, jini ya daina isa ƙwaƙwalwa, can kuma ya kwance ya ga abin da ya lalace da abin da za a iya cetowa. Mata suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Barakatu ce kaɗai ba ta yi ba, ta ce ai ko ɓeran ma sai mai ilimi.

Kullum kafin ya wuce aiki sai ya biyo ya gaishe ta. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa can nesa da labule, kai a ƙasa, ita kuma ta amsa daga ciki da muryar da ko ƙuda ba za ta kora ba. In ka ce ya siffanta maka fuskar surukarsa, sai dai ya siffanta maka labulen. Sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba, "mutumin su Sakina" take cewa. Ranar da suka yi kiciɓis a hanya, gidan wasu baƙi ta faɗa, ta zauna har aka kawo mata ruwa.

To yau ga shi a bakin labulen, ga ta kwance cikin fitsari.

"Inna, ina kwana?"

Laraba ce ta amsa. "Malam ne? Ina kwana."

"Iya Laraba, ke ce a ciki? Ina kwana, an tashi lafiya? Ya gida, ya ƙafar taki?"

"Lafiya lau, alhamdulillahi. Ya mutan gidan?"

"Sakina ta yi sammakon Indabo, wajen sunan nan. Ina Inna?"

Yatsun Barakatu suka ƙara nutsewa a hannunta. Laraba ta dubi zanin, ta dubi ledar, hancinta ya gaya mata abin da mutum zai fara ji in ya ɗaga labulen nan. Mace ce wadda ko tari ba ta yi a gaban surukinta. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

"Tana nan," ta ce. "Jiri ne ya ɗan ɗebe ta, ta kwanta."

"Subhanallahi. Yaya jikin nata?"

"Da sauƙi."

Ko mai gargarar mutuwa aka tambaya a garin nan, amsar ke nan. Bakinta ya faɗa tun kafin zuciyarta ta yi shawara.

Ta ƙarƙashin labule tana hango yatsun ƙafarsa, ba su motsa ba.

"Ta sha maganin hawan jininta jiya kuwa? Tana magana daidai?"

"Barci ne ya ɗan ɗauke ta."

"Ko in kai ta a auna ta? Ga mota a bakin lungu."

"Haba Malam, a kan ɗan jiri? Je ka aikinka. Ai ina nan."

Ya ce Allah ya ƙara sauƙi, a gaishe ta in ta tashi. Laraba ta ji shi yana saka takalmi, ta ji tashin motar. Sai a lokacin hannun Barakatu ya sake ta, ya bar mata shatin yatsu.

Ta yi abin da ta iya, kuma ta iya da yawa. Ta dafa ruwa ta goge mata jiki tas, ta sauya mata zani da riga, ta wanke ledar, ta saka turaren wuta. Ta ja ta da kyar ta jinginar da ita a kan katifa. Ta kwaɓa man shanu da tafarnuwa ta yi ta murza hannun nan, tana karanta duk abin da ta haddace tana tofawa. Tana yi tana gaya wa kanta cewa an sha ganin irin wannan, mutum ya kwanta ya tashi garau. Ta ɗaga hannun ta saki, ya faɗo tim.

"Baraka, ce Laraba."

"A'a."

"To ce Sakina. Autarki fa."

Barakatu ta yi ta juya harshe, jijiyar wuyanta ta miƙe. "A'a," ta ce, hawaye ya gangaro ta gefen ido ya shige kunne.

Da hantsi ya dubi ludayi Laraba ta dama koko, don a ganinta babu ciwon da yunwa ba ta ƙara masa. Cokali ɗaya ta zuba mata. Rabi ya dawo ta gefen baki, rabi ya sarƙe ta, ta yi ta tari har idanun suka firfito. Laraba ta ajiye kofin. Tsoro ya shige ta sosai. Ta tashi za ta fita neman mutane, ta isa ƙofa, sai ta tuna abin da ta gaya wa Malam, ta dawo ta zauna. Ta sake tashi, ta sake zama. Daga titi ana jiyo tirelolin shanu suna ta oda, yau Juma'a, kasuwa ta cika.

Rana na gab da tsayawa tsaka Barakatu ta daina cewa a'a. Idanunta suka juya gefen hagu suka kafe a bango, numfashinta ya koma minshari mai nauyi. Laraba ta kira ta, ta girgiza ta, ta tsunkule ta. Daga nan ba ta san lokacin da ta fita ba, ko takalmi babu.

A bakin lungu ta yi karo da shi yana rufe mota. Ashe hankalinsa bai kwanta ba, ya baro aikin ya dawo. Bai tambaye ta komai ba, fuskarta ta ishe shi. Ya wuce ta da sauri, amma da ya isa bakin labulen sai ya tsaya cak, ya sunkuya ya tuɓe takalmi kamar kullum. Hannunsa ya tsaya a jikin labulen na ɗan lokaci. Sannan ya yaye.

"Inna, ki gafarce ni," ya ce, ya durƙusa ya janye mayafin.

Karon farko ke nan da ya ƙare wa fuskar kallo, kuma a karkace ya same ta. Ya buɗe idon, ya ɗaga hannayen biyu ya saki, ya karta tafin ƙafar da makullin mota. Zufa ta keto masa.

"Shanyewar ɓarin jiki ce. Iya, yaushe ta koma haka?"

Laraba ta ɗago kai. Yana kallonta ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba.

"Ɗazu," ta ce. "Ɗazun nan."

"Da safe jiri ne kawai? Baki da hannu lafiya lau?"

"Jiri ne."

Ya dubi agogo, ya sauke ajiyar zuciya. "Alhamdulillahi. To muna da sauran lokaci."

Wannan hamdalar ta soke ta fiye da zagi.

Ya sunkuci surukarsa kamar jaririya ya fita da ita, matan lungu na leƙe ta zaurukansu. Aka kwantar da ita a kujerar baya a kan gefenta, kanta a cinyar Laraba. Kafin su isa gada titi ya tsuke. Shanu na tsallakawa a natse, masu babur na kutsawa, 'yan tallan kifi na buga gilashi, wata tirela ta gindaya ta ƙi gaba ta ƙi baya. Malam Halliru ya kira Sakina har sai da ya same ta, ya ce ta nemi mota ta taho Kano. Ya kira wata Dakta Murja da suka yi karatu tare, likita a wani asibitin kuɗi, ya roƙe ta ta tanadi allurar da ke narkar da gudan jini. Bayan nan babu sauran abin yi sai danna oda. Shi kuwa irin mutanen nan ne da in tsoro ya kama su sai baki ya buɗe.

"Gudan jini ne ya toshe mata hanya ɗaya a ka," ya ce, idonsa na kan titi. "Ita ƙwaƙwalwa ba ta da rumbu, Iya, hannu baka hannu ƙwarya take yi. Jini na tsayawa, abinci da iska sun yanke. Ƙwayoyin cikinta ƙanana ne, ido ba ya gani, kowace da masu gadin ƙofarta da ke tura gishiri waje dare da rana. In yunwa ta kayar da masu gadin, gishiri da ruwa su kwararo ciki, ƙwayar ta kumbura."

Laraba ta goge wa Barakatu yawu da gefen mayafinta. Ba ta son ji, kuma ba ta iya toshe kunne.

"Abin ma bai tsaya nan ba. Akwai wani sinadari da suke aika wa juna saƙo da shi, gulutamet sunansa, ɗan kaɗan ake bukata. Waɗanda ke mutuwa sai su zubar da nasu gaba ɗaya. Na kusa da su ya yi musu yawa, su yi ta aiki ba tsayawa kamar injin da aka danne wa totur, wani sinadarin mai suna kalsiyam ya cika su, ya tayar da abubuwan da ke cinye ƙwaya daga ciki. Haka abin ke yaɗuwa. Na tsakiya sun riga sun tafi, babu mai dawo da su. Amma na kewaye suma suka yi, suna samun ɗan jini ta wasu ƙananan hanyoyi. Su muke yi wa gudun nan. Kowane minti ana rasa wasu."

"Kowane minti," Laraba ta maimaita a hankali. Ta tuna ruwan da ta dafa, da turaren wuta, da kokon da ta tsaya tacewa.

"A ɓerayena na gani da idona. Wanda na kwance wa zaren da wuri, washegari yana cin abinci. Wanda na bari ya jima, sai ya yi ta zagaye wuri ɗaya." Ya doki sitiyari. "Ku matsa mana, bayin Allah."

An idar da sallar Juma'a suna hanya. Da suka isa, aka karɓi Barakatu a kan gado mai taya aka shige da ita ɗaukar hoton kai. Laraba ta zauna a kan benci, sanyin na'ura na ratsa tafin ƙafarta, sai a lokacin ta lura ba ta da takalmi. Ta ja zani ta rufe ƙafafun.

Dakta Murja ta fito, doguwa mai farin gilashi, ba ta da yawan magana. Ta gaisa da Laraba da ladabi, ta zauna kusa da ita a kan bencin. Malam Halliru ya tsaya a kansu.

"Babu zubar jini a kan, toshewa ce," ta ce. "Allurar na nan, ana haɗa ta. Amma akwai wani ɗan duhu a hoton da bai kwanta mini ba. Mama, an ce ke ce tare da ita. Yaushe ne ƙarshen ganinki da ita lafiya lau, tana magana, tana motsa hannu?"

"Na gaya miki, wajen tsakar rana abin ya same ta," in ji Malam Halliru.

"Daga bakinta nake so in ji."

Laraba ta dubi ƙasa. Ta ƙofar da aka bari a buɗe tana hango wata nas tsaye da faranti, tana ɗaga 'yar kwalba sama tana zuƙe ruwan cikinta da sirinji.

"'Yar nan," ta ce, "in dai magani ne, ba sai a yi mata ba kawai? Mene ne na lokaci?"

Malam Halliru ne ya amsa, a gaggauce, don ya ƙagu a wuce wurin. "Allurar tana da iyaka, Iya, awa huɗu da 'yan kai. In an wuce haka, bangon ƙananan jijiyoyin wurin ya riga ya ruɓe, abubuwan da na gaya miki sun cinye shi. In aka buɗe hanya jini ya dawo da ƙarfinsa, sai bangon ya fashe, jini ya malale cikin ƙwaƙwalwa. Iskar da ta dawo a makare ita ma ƙona wurin take yi. Maganin sai ya zama shi ne ajali. Amma mu ba mu kai nan ba, ki gaya mata kawai."

Laraba ta sake duban nas ɗin. Gaba kura, baya sayaki. In ta yi shiru, nas ɗin can za ta ɗura wa Baraka abin da zai fasa mata kai, da bakinta za a yi. In ta yi magana, mutumin nan da ya amince da maganarta tun safe zai san abin da ta yi, Sakina za ta sani, kafin magariba Wudil ta sani. Za a ce Laraba ce ta zauna a kan maƙwabciyarta har ta mutu. Ta ji fitsari na neman kufce mata ita ma. Nas ta ɗan ƙyasta sirinjin da farce, ta juya ta nufi gadon.

"Ku ce ta tsaya," in ji Laraba.

Dakta Murja ta ɗaga hannu, nas ta tsaya.

"Tun asuba ne." Maganar ta fito da kyar, sauran kuma suka biyo da kansu. "Rana ba ta fito ba na ji faɗuwarta. Na same ta baki a karkace, hannu ya mutu. Lokacin da ka zo gaisuwa, Malam, tana kwance a gabana a haka. Ta ɓata jikinta ne. Ta riƙe ni, ba ta so ka gan ta. Ni kuma na ce maka jiri ne."

Dakta Murja ta tashi ta shiga ciki, Laraba ta ga an mayar da sirinjin kan faranti an rufe da ƙyalle. Malam Halliru ya bi farantin da kallo. Ya ja da baya har bayansa ya taɓa bango, ya sulale ya tsuguna, ya ɗora hannu biyu a ka. Laraba ta jira ya zage ta. Da ya zage ta da ta ji daɗi.

"Ina bakin labulen," ya ce, ba da ita yake ba. "Mota na bakin lungu."

Sakina ta iso bayan la'asar da lallen suna a hannunta. A wajen mijinta ta ji labarin, can ƙarshen baranda. Ta dawo ta wuce Laraba ta shiga wajen uwarta. Daga ranar gaisuwa kawai ke haɗa su, ita ma a taƙaice, kuma ba ta ƙara ce mata Iya ba.

Laraba ba ta koma Wudil ba. Babu wanda ya ce ta zauna, babu wanda ya ce ta tafi. Wata mai jinya ta ba ta aron silifas. Tana zaune a bakin ƙofar ɗakin tana kallon abin da ake yi: an saka wa Barakatu robar abinci ta hanci, an ɗaga mata kai, ana juya ta, ana goga mata ruwan sanyi in zazzaɓi ya taso, don Malam ya ce zafi na ƙara wa wurin lalacewa. Ranar Asabar har ta buɗe ido ta bi Sakina da kallo, aka yi ta hamdala. Malam Halliru bai yi murna ba. Laraba ta ji yana gaya wa matarsa a hankali cewa kumburi na tafe, jiki zai turo dakarunsa su share wurin da ya mutu, su kuma ba sa bambance matacce da mai rai, ga ƙoƙon kai ba ya buɗewa ya ba da wuri.

Haka kuwa aka yi. Ranar Lahadi barcin ya yi nauyi. Duk sanda numfashin ya ɗauke, Laraba sai ta riƙe nata har sai ya dawo. Ranar Litinin da hantsi ya ɗauke, ta riƙe nata, ta riƙe, har ƙirjinta ya yi zafi. Sai ta ji salatin Sakina.

Kafin azahar an kawo gawar gida. Lungu ya cika, an shimfiɗa tabarmi har bakin titi. Laraba ta shige gidanta ta zauna a bakin murhu, tana jin koke-koke ta kan katanga. Ta san ana maganarta, ko ba a yi yanzu ba za a yi. Sai ta ji motsi a zaure. Sakina ce, idanu sun kumbura.

"Ki zo ki yi mata wanka," ta ce, tana kallon gefe. "Ta sha gaya mini, in ta riga ki, kada a bar kowa ya ga jikinta sai ke."

Laraba ta tashi ta bi ta.

Ta yi wankan yadda ake yi, a bayan ɗaki inda aka kewaye da zana, da ruwan ganyen magarya, dama kafin hagu, hannunta a ƙarƙashin zane. Bakin ya koma daidai, kamar bai taɓa karkacewa ba. Ta tsefe mata kai ta yi mata kalba, ta shafa turare, aka naɗe ta a likkafani. Da aka gama ta fito da bokiti, sai ta tarar da Malam Halliru a tsakar gida, ya shigo da makara shi da wasu maza biyu. Mazan suka shiga ciki. Shi ya tsaya.

Tambayar ta kwana uku a maƙogwaronta, ta san in ba yanzu ba ba za ta ƙara iyawa ba.

"Malam, don Allah ka gaya mini gaskiya. Da na faɗa maka da safen nan, da ta tashi?"

Ta san amsar da kowa zai ba ta: kwana ne ya ƙare, bakin alƙalami ya bushe. Ta ga amsar ta zo bakinsa, ta ga ya haɗiye ta.

"Ban sani ba, Iya. Wallahi ban sani ba. Da ɓera ne da na gaya miki. Wataƙila da ta tashi da sanda, wataƙila da hakan za a yi." Ya murza idonsa da bayan hannu. "Amma na ji muryarki na rawa a ranar. Na ji sarai. Na san tambayar da ya kamata in ƙara yi, na san labule kawai zan ɗaga. Kunya ta hana ni, na saka takalmina na tafi."

Aka kira shi daga ciki, ya shiga ya kama nasa gefen. Suka fito da ita a kafaɗa, suka sunkuya a ƙofar zaure, mata suka ɗauki salati. Can aka jiyo kabbarar liman a waje, sannan takun mutane da yawa yana nisa.

Laraba ba ta shiga cikin matan ba. Ta koma bayan ɗaki ta kife bokitin, ta zauna a kansa. Ƙasar wurin da ta yi wankan na jiƙe, ƙamshin magarya da turare na tashi. Rana ta faɗo a kai, damshin ya fara ja da baya daga gefe-gefe, tana zaune tana kallo.